Baƙin Kaske a Hanyar Azagor

Dakoro

Ana sallame asuba na ɗaure akwatin allurar shanu a bayan moto, wato babur, na nufi Azagor, inda makiyaya ke jirana. Ranar na fara sa kaske, hular kwanon da ƙanena Isuhu ya aiko mani daga Turai. Can yake aiki a gidan da ake ƙera su. Ya ce da hannu suke shimfiɗa ƙyallen zaren karbon a mazubi, su shafe shi da danƙo, su gasa. Baƙi ne wuluk har gilashin, ga shi sakayau. Ɗaurin igiyar haɓar kawai ban iya ba tukuna.

A shingen bakin gari jandarma ya ƙwanƙwasa kasken da yatsa.

"Malam, in ka shiga daji ka bar fuskarka a buɗe. Mutane a tsorace suke."

Na ce to. Da rana ta fara dukan idona, na sauke gilashin, na manta.

Rijiyar kan hanya

Da hantsi na iso wata rijiya. Ban san cewa shekaranjiya wasu masu moto, fuska a rufe, sun kore garke a nan ba. Ina rage gudu mata suka watsar da guga suna ihu. Kafin in kashe moto maza sun kewaye ni da sanduna, ɗaya da takobi.

"Buɗe fuskarka!"

Na tura gilashin sama, ya ƙi ɗaguwa. Na kama igiyar, ina ja tana ƙara shaƙe ni. Ina faɗin sunana, muryar ba ta fita sosai. Sai na ji duka a tsakar kai, har na faɗi. Sandar ta karye biyu.

Mai takobi ya matso. Wata tsohuwa, Inna Hajo, wadda na yi wa shanunta allura bara, ta faɗo kaina ta rufe ni da jikinta.

"Ku dubi akwatin! Mai allura ne!"

Da wuƙa suka yanke igiyar. Ba wanda ya iya kallon idona. Wanda ya doke ni, Bello, ya tsuguna riƙe da wuyan hannunsa da ya kumbura. Shanunsa ne aka kore.

Komawa

Ban ƙarasa Azagor ba. Na sha nono, jiri ya sake ni, na ce wa Bello ya hau mu je likita. Ya ƙi, sai da Inna Hajo ta tsawata masa. Duk hanya da hannu ɗaya ya riƙe ni. Muna hango Dakoro, bayan la'asar, ya sa baki kusa da kunnena.

"Kashe ka na yi niyya, Malam."

"Na sani. Riƙe ni da kyau, akwai rami gaba."

Na gode wa Allah da ya mayar da mu gida mu biyu.