Masarar da Na Binne Kafin Ruwa

Duk unguwarmu a Ɗanzomo an yarda cewa garin maganin da malamin gona ya kawo bara jabu ne. Ba jabu ba ne, ni na kashe shi.

Shekara biyu funfuna tana ruɓar da masarar Inna a gonar bayan gida. Malamin ya ba mu ƙullin gari, ya ce akwai ƙananan halittu masu rai a ciki, irin na cikin ƙasa, za su kama saiwa su tare cutar. Ya ce a cuɗa da iri a inuwa, a shuka bayan ruwa ya sauka. Na ji sarai.

Amma ruwa ya yi jinkiri, kowa ya fita binnen gero, ni kuwa ba na iya jira. Inna ta ce, "Ki bari a yi ruwa mana, uwar gaggawa." Na ce, "Inna, gero ma binne shi ake yi, me ya same shi?" Na cuɗa, na binne. Irin ya kwana goma sha ɗaya cikin rairayi mai ƙona ƙafa. Wane abu mai rai zai jure wannan?

Da kaka muka ɓare goyo, funfuna ta yi fari fat. Inna ba ta yi mini faɗa ba, ta zauna tana tsintar mai kyau. Maƙwabta suka ga masararmu, suka yi ta zagin malamin, ni kuwa na ɓoye laifina.

Bana babu wanda ya karɓi garinsa. Ranar kasuwa zan same shi, in faɗi gaskiya a gaban mutane, in karɓi wani ƙulli, in jira ruwa.