Turmin Malamar Lissafi

Akwai wata safiyar Talata a Tozai da ba za ni manta da ita ba har ranar da za a sa ni cikin ƙasa.

A lokacin ina karantar da allo a zaurena, ina kuma cikin dattawan da ke sa ido kan makarantar firamaren garinmu. Sai aka kawo sabuwar malamar lissafi. Ba ta yi wata biyu ba magana ta fara yawo, wai ta kai turmi makaranta, 'ya'yanmu mata na yi mata daka, har da waƙa da tafi. Ni da kaina na bi ta bayan katanga na ji lugude na tashi. Na koma gida na rubuta takardar ƙara da ajami, wani ya juya ta zuwa boko, mu biyar muka sa hannu. Aka kai wa manyanta a garin Isa don a ɗauke mana ita.

Bayan mako guda na tafi makarantar in janye ɗiyata, wadda dama kullum ita ce ta ƙarshe a lissafi. Na iske malamar da ɗalibanta ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, turmi a tsakiya. Na leƙa ciki. Ko ƙwayar gero babu, tsumma aka cusa.

"Sannu da zuwa, Baba Malam," in ji malamar. "Zauna ka ga darasi."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"To, ka gani a tsaye."

Yarinya ɗaya ta ɗauki taɓarya, sauran suna rera ƙidayar bugun. Layin dama su tafa a kowane bugu na uku, layin hagu a kowane na huɗu. Malamar ta tsayar da su ta ce, a bugu na nawa tafin biyu za su haɗu? Kafin kowa ya motsa ɗiyata ta ce sha biyu. Na ɗauka dace ne.

"Kai ma ba ta naka lissafin, Baba Malam," in ji malamar.

Na ce huɗu da shidda. Hisabi na karanta a gaban mahaifina, Allah ya jiƙansa, don haka tuni na ninka a zuci: ashirin da huɗu. Ɗiyata ta rufe ido tana buga cinyarta da yatsu.

"Sha biyu, Baba."

"Kin kuskure. Ashirin da huɗu."

"Suna gamuwa can ma, Baba, amma sun riga sun gamu tun sha biyu. Kai ba ka ji ba?"

Malamar ta ce a buga mu ji. A bugu na sha biyu tafin nan biyu suka faɗi tare kamar hannu ɗaya. Innalillahi! Na nemi benci na zauna. Yarinyar da nake cewa kanta bai ɗaukar lissafi ita ta gyara ni gaban jama'a, ashe ta kunne yake shigarta.

Daga nan na hau mashin sai Isa, in karɓo takardarmu. Wanda na iske a ofis ya dube ni ya ce, "Malam, ai ku kuka ce ba ku son ta. An riga an sa hannu, an tura ta wani gari."

Kafin ta tashi na je na gaya mata ni na rubuta takardar, na nemi gafara. Ta ce ta yafe, amma kada in cire yarinyar. Ban cire ta ba. Sai dai sauran yaran, ni na raba su da malamarsu, wannan kuwa ba ita ke da ikon yafe mini shi ba.

Abin ya koya mini cewa Allah bai yi wa ilimi ƙofa ɗaya ba. Tun ranar kuma ban sake sa hannuna a kan wani bawan Allah ba sai na zauna gabansa na tambaye shi abin da yake yi.