Dutsen murhun da na fasa

Shekarun baya, lokacin da na dawo Tasawa daga koyon gini a Maradi, ji nake duk ƙasar babu maginin da ya kama ƙafata. Na iya zuba siminti, na iya liƙa karo, wato tayil, ina kuma da nibo, ɗan ƙarfen nan mai ruwa a ciki da ake gwada daidaiton gini da shi. Ko kasuwa za ni, yana rataye a kafaɗata.

Wata safiya abokina ya same ni a gida. Tare muka yi lakwal, wato makarantar boko, shi Kirista ni Musulmi, abin bai taɓa hana mu cin tuwo a kwano ɗaya ba. Ya ce sun gama ƴar majami'arsu a ƙauyensu, can hanyar Korgom, saura bagade, wato teburin da ke gaba inda suke aza Littafi da gurasar ibada. Mahaifinsa, wanda shi ne ke ja musu sujada, ya ce a kira ni. Saura kwana goma a yi bikin buɗewa, har baƙi za su zo daga Maradi.

Da na ji an ambaci baƙin Maradi, sai na zauna na zana bagade a takarda: matakala uku, farin karo, gefe da gefe ado.

Da na kai ta ƙauyen, tsohon, wato mahaifin abokina, ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, hannunka na da kyau. Amma wanga ai na gidan gwamna ne."

Ya zaunar da ni a tabarma ya yi mini bayani. A Littafinsu, in ji shi, an umurci mutanen dā su yi bagade da ƙasa, in kuwa da dutse za su yi, to, dutsen da ƙarfe bai taɓa ba, kuma ban da matakala. Na tambaye shi dalili. Ya ce ƙasa dai daga gare ta aka yi mu, mai tsayawa gabanta ba ya manta asalinsa. Dutse kuwa in an sassaƙa shi, ido kan tsaya ga gwanintar mai sassaƙa, ya manta Wanda aka zo dominsa.

Abokina, da yake shi ma farin karon ya shiga ransa, ya ce, "Baba, ai akwai wanda aka yi da katako aka dalaye da tagulla."

"Akwai," in ji tsohon. "In kana da tagullar, kawo."

Nan maganar ta ƙare. Gidaje goma sha biyu ne ke sujada a wurin, tsohon ya ce kowane gida ya kawo dutse guda, kamar yadda wani annabi ya taɓa tara duwatsu bisa yawan kabilun mutanensa. A haɗa su da laka, da hannu.

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san rairayi ce. Kana iya yini kana tafiya ba ka ga dutsen da za ka jefi akuya da shi ba. Kwana huɗu mutane suna nema. Wani ya kawo wanda yake danne rufin rumbunsa, wani ya aro amalanke ya je ya ɗauko marmara. Akwai wanda ya turo dutsen niƙa, tsohon ya mayar da shi, ya ce wannan ya sha guduma tun kafin a haife mu. Ta ƙarshe wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu. Ta zo da baƙin dutse a ka, duk toka. Ɗaya ne daga cikin duwatsun murhunta uku, mijin ne ya ɗauko mata su daga garinsu shekarar da aka kawo ta amarya.

Na fara aiki, na gane ban iya komai ba. Bulo kan zauna inda ka ajiye shi, amma waɗannan kowane da halinsa. Na jera goma sha ɗaya da ƙyar, na tsohuwar ya ƙi shiga. Wani ɗan ƙahon da ke gefensa ne ya hana, bai fi yatsa biyu ba.

Da azahar ce, kowa ya tafi cin abinci. Na leƙa ƙofa ban ga kowa ba. Na ce a raina, ɗan ƙahon nan wa zai san an cire shi? Na zaro guduma na ɗan ƙwanƙwasa. Dutsen da ya shekara da shekaru yana shan wuta, sai ya dare gida biyu kamar kabewa.

Na zauna a ƙasa ina zufa. Har na ɗebo laka zan liƙe tsagar in juya ta ciki, abokina ya shigo da kwanon fura. Ya dube ni, ya dubi gudumar.

"Kai ma?" ya ce.

Wannan kalma ta fi mari ciwo. Shi ya kawo ni, shi ya tsaya mini a gaban mahaifinsa. Na ce ya raka ni gidan tsohuwar. Ya ce rakiya zai yi, amma baki nawa ne.

Muka same ta tana tankaɗe. Tukunyarta na bisa duwatsu biyu da wani guntun bulo, ta karkace. Na durƙusa na ajiye ɓarin biyu a gabanta, na faɗi abin da na yi ban rage ba. Ta daɗe tana shafa su, ni kuwa na gwammace ta zage ni.

Can ta ce, "Shekara talatin wanga dutse na kayar mini da miya saboda ƙahon nan. Marigayi kullum cewa yake zai gyara shi gobe." Sai ta yi dariya har da ƙwalla. "To ga shi an gyara. Amma ɗana, gidana ba zai rasa dutse a ɗakin Ubangiji ba. Kai ka fasa, kai za ka nemo."

Tsohon da ya ji, cewa ya yi ba don tsoron wata doka ya hana ba, alkawari ne aka yi gaban jama'a, kuma jama'a za a gaya wa gaskiya. Ranar Lahadi ya gaya musu, ina tsaye a waje ina jin dariyarsu ta taga.

Washegari na hau moto, wato babur, na shiga daji. Na yi rabin yini ina tambaya, mutane na yi mini kallon mai taɓin hankali. Wani Bafulatani da ke shayar da shanu a rijiya ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Dutse kake biɗa, ba zinariya ba?" Ya kwatanta mini wani fako inda ruwa ya zaizaye ƙasa. Na samu, na ɗaure shi a bayan moto. Sau biyu yana kayar da ni a rairayi kafin in iso.

Tsohuwar ta zagaya shi, ta ce ya fi nata muni, amma ta karɓa. Ta shafa masa tokar murhunta da hannunta, ta ce yanzu ya zama na gidanta.

Shi ma bai shiga ba. Dole na rushe duka na sake. Yini biyu ina juya duwatsu, kowane sai na bi shi a hankali har ya nuna mini gefen da yake son zama. Gudumar kuwa tsohuwar ta karɓe, ta ce tana ajiye a ɗakinta sai an gama.

Ranar biki ina gindin bedi, wato dalbejiya, ana ta loda mini shinkafa, na ji wani baƙon Maradi yana tambayar wa ya gina bagaden. Na gyara zama, na share baki. Tsohon ya ce, "Gidaje goma sha biyu." Baƙon ya gyaɗa kai ya wuce. Ba zan ɓoye muku ba, na so a ce ya ambaci sunana.

Yau na gina gidaje da shaguna da masallatai da ban san adadinsu ba, kusan kowane na rubuta sunana a jikin ɗanyen siminti. Amma a wurin duwatsun nan na koyi haƙuri da abin da bai zo yadda nake so ba, na kuma koyi cewa durƙusawa ka ce "ni ne" ba ta kashe mutum. Addinina daban, nasu daban, sai dai maganar tsohon ta zauna mini: aikin da aka yi don Allah ba ya bukatar a san mai shi.

Tsohon da tsohuwar duk sun rasu. Bara na bi ta ƙauyen, abokina ya buɗe mini majami'ar. Jikarsa ta ga ina shafa bagaden, ta matso ta ce in yi a hankali, wai kakanta ya ce akwai wani magini da ya taɓa fasa musu dutse. Na ce mata na san shi, ya shiryu.