Layin Ƙarshe a Takardar Anti Awo

Ku matso ku gyara zama, yau labarin Anti Awo za ku ji. Ba mai tsawo ba ne, amma yana son kunne.

Akwai wani gidan motsa jiki na mata a saman wani kantin magani. In mace ta hau matakala ta juya hagu, kafin babban zaure za ta tarar da ɗan ɗaki: tebur ɗaya, kujeru biyu, sikeli a ƙasa, na'urar awon hawan jini, da kabad maƙare da takardu. A nan Anti Awo ta shekara tara. Da can a asibiti take, tana taya ungozoma ranar awon ciki. Shi ya sa da Koci, matar da ke horar da masu juna biyu, ta buɗe ajinta, ta kafa doka cewa ba wadda za ta taka zauren sai ta bi ta hannun Anti.

Aikinta tambaya ne da awo. Cikin wata nawa? Na nawa ke nan? Kin taɓa ɓari? An taɓa yi miki aiki? Kina ganin jini, ko jiri, ko kumburin ƙafa? Akwai suga? Ina takardar likita? Cikin rabin awa mace za ta zazzage mata abin da ko uwar mijinta ba ta sani ba, wata har da hawaye. Sai Anti ta sa hannu a takarda, ta buɗe ƙofar zaure, shi ke nan. Daga nan sun zama na Koci. Ta bango take jiyo kiɗa da dariyarsu. In sun haihu, Koci suke kawo wa jariri ta gani, su wuce ƙofar Anti da "Sannu da aiki," in ma sun tuna.

Gida kuwa ɗaki ɗaya ne. Mijinta ya shekara shida da rasuwa, 'yarta tilo tana aure can nesa, sai ƙarshen mako take kira, shi ma ba kowane ba. In wayar Anti ta yi ƙara da rana, yawanci kamfanin waya ne ke tallar garaɓasa.

Wata safiya sai ga wata mai ɗinki, cikin wata biyar, guntayen zare duk a jikin rigarta, ta ma manta da tef ɗin awo a wuya.

"Ke ma awo kike yi ashe," in ji Anti. "To yau ke za a auna. Hau sikeli."

"Anti, ki rage min kilo biyar, na takalmi ne."

"Takalmin ƙarfe kika sako?"

Aka yi dariya, aka bi tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Cikin fari ne. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana gida ba, kuma wata huɗu ke nan da suka tare a unguwar. Da Anti ta ɗaura mata na'ura a damtse, ta ga lambar da ta fito, sai ta kwance na'urar. Ta ba ta ruwa, suka jira minti goma, ta sake. Jinin yana sama dai.

"Ƙanwata, yau ba za ki shiga ba. Likita za ki gani, kuma yau ɗin nan."

"Matakalarku ce fa, Anti. Ki rubuta ƙasa kaɗan mana, wa zai sani?"

"Wanda ke cikin nan zai sani."

Mai ɗinki ta juya tana kallon ƙofar zauren, inda ake ta shewa. Ta ce, a hankali, "Wallahi ba don motsa jikin na zo ba. Kwana huɗu ke nan ban yi magana da kowa ba sai keken ɗinki."

Anti ta san wannan ciwon sarai, amma ba ta sa hannu ba. Ta rubuta mata 'yar wasiƙa zuwa asibiti, ta raka ta har bakin titi.

Likita ya ce a huta, a rage gishiri, a riƙa auna jinin sau uku a mako, motsa jiki kuwa a dakata tukuna. To ina za a auna? Anti ta ce ai na'ura ba ta gajiya. Haka mai ɗinki ta riƙa zuwa Litinin, Laraba da Asabar. Awon minti biyar ne, zaman kuwa awa biyu. Takan zo da aikin hannu, tana ɗinka maɓalli tana ba Anti labarin masu kawo yadi ɗaya su ce a fitar musu da riga da zani har da ɗankwali. Ta gyara labulen ɗakin da ya shekara uku a yage. Anti ta sayo kofi na biyu. Ta fara dafa shayi cikin babban filas, ita da a da ƙaramin ma ba ta shanye shi. Har Koci ta leƙo wata rana ta ce, "Anti, ashe kina da haƙora? Shekara tara ban taɓa ganinsu ba."

Sati biyar ana haka. Ranar wata Laraba mai ɗinki ta hawo da fara'a, tana kaɗa takarda. Likita ya yarda: tafiya a hankali, miƙa jiki, numfashi, ban da tsalle, ban da kwanciya rigingine. Anti ta karanta har sau biyu. Ta ɗaura na'ura, lamba ta fito daidai. Ta sake, ko da kuskure. Daidai dai.

Ta jawo takardar rajista tana bin layi da biro, sai ta tsaya a na ƙarshe, inda aka ce: wa za a kira nan kusa idan wani abu ya taso? Wurin fari fat. Tun ranar farko ba a cike shi ba. Dokar Koci kuwa a fili take: in babu sunan wanda zai iya isowa cikin rabin awa, ba a shiga.

"Maigidan fa?"

"Yana hanya, Anti. Wani lokacin kwana biyu wayarsa ba ta shiga."

"Maƙwabta?"

"Gaisuwa ce kawai tsakaninmu."

Ku duba fa, ba sai Anti ta yi ƙarya ba. In ta ce doka ta hana, magana ta ƙare. Mai ɗinki za ta koma kujerarta, kofi na biyu ya ci gaba da aiki har ranar haihuwa, ba kuma wanda zai ce an yi ba daidai ba. Ta kuma san abin da ke bayan ƙofar nan: mata goma sha biyu sa'o'in yarinyar, masu ciki irin nata, da za su karɓi lambarta, su je mata barka, su kai mata ɗinki. Ta san kuma cewa wadda ta shiga ba ta dawowa ɗan ɗakin. Shekara tara tana gani.

Mai ɗinki tana zaune, kunnenta na wajen kiɗan, ƙafarta har ta fara bin sa a ƙarƙashin tebur.

Anti ta sunkuyar da kai, ta rubuta lambar wayarta a layin. Inda aka ce dangantaka, ta ɗan jima, sannan ta rubuta: yaya. Ta sa hannu, ta miƙe ta buɗe ƙofar.

"Koci, ga sabuwa. A bi min ita a hankali. In ta ce jiri, a zaunar da ita, a kira ni."

"Anti, ki ajiye min shayina, ina fitowa!"

Da aka tashi, mai ɗinki ta fito a tsakiyar mata huɗu, wata na tambayarta ko tana ɗinka rigar masu ciki. Ta ɗago wa Anti hannu daga bakin matakala, suka sauka da ita suna surutu. Shayin ya huce a kofi. Ranar Asabar ta leƙo ta gaishe ta a tsaye. Laraba ta gaba, hannu kawai.

Anti ta koma dafa ƙaramin filas, amma ba ta ɗauke kofi na biyun daga tebur ba. Wayarta kuwa yanzu ba ta barin ta a jaka. Tana kan tebur kusa da na'ura, da caji, an ƙure ƙararta. Lambar da ke layin nan ba a kiran ta sai abu ya ɓaci, kuma Anti ta fi kowa sanin haka. Duk da haka, in wayar ta yi ƙara, sai ta yi wuf ta ɗauka.

To ku da kuka saurara, in za ku yi wa Anti Awo addu'a, me za ku roƙa mata: wayar ta yi ƙara, ko ta yi shiru?