Turken da Na Kafa a Magama

Shekaru sun ja, mai yiwuwa na cakuɗa wasu ranakun. Amma ban manta abin da na faɗa a zauren mai gari ba.

Lokacin kuɗin mai ne. Na gama jami'a ke nan aka tura ni Jibiya da na'urar auna kaurin ɓawon ƙasa. Malamanmu na ganin a zamanin da can sassan ƙasa biyu sun yi karo a nan, manyan duwatsu suka tashi, ruwa da iska suka cinye su. Inda ɓawon ya fi kauri, nan saiwarsu ta saura. Ita nake nema. Duk inda na auna sai in kafa turke mai jan fenti.

Na kafa ɗaya a gonar wani tsoho a Magama, dab da shingen kwastan. Kafin mako ya zagayo, direbobin da ke jiran a buɗe musu hanyar Maraɗi sun baza cewa gwamnati ta ga fetur. Nan da nan wani Alhaji mai manyan motoci ya tuna gonar ta kakansa ce, aro aka bayar.

Mai gari ya kira ni. Tsohon na zaune a ƙasa.

"Ɗana, kai ka kafa iccen nan," in ji shi. "Hwaɗa masu babu komi, Alhaji ya bar mani gonata."

Na san fetur ba ya kwanciya cikin irin wannan dutse. Amma an hore mu kada mu yanke magana kafin lissafi, kuma ina tsoron zancen ya kai kunnen shugabana.

Na ce, "Baba, a iya sanina da wuya. Sai dai ba zan ce babu ɗungum ba."

Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji ɗan boko. Da babu, da ya ce babu." Ya dubi tsohon. "Kai da ko kananzir ba ka iya saye, mi za ka yi da rijiyar mai?"

Aka yi dariya. Ina jin ni ma na murmusa.

Aka miƙa wa Alhaji gonar. Tsohon ya roƙi a bari geronsa ya nuna. Washegari motoci suka shiga suka tattake shi.

Bayan watanni lissafina ya fito daidai da zaton malamai: saiwar duwatsun na nan, fetur babu. Aka yaba mini. Na koma Magama, aka ce tsohon ya ƙetara Nijar, ba wanda ya san garin.

Duk wanda ya zauna a zauren a ranar, ina roƙo ya aiko mini da gyara, ya kuma gaya mini inda tsohon ya ƙare.