Kaka Hansai da Sunayen Laka

Kun san Kaka Hansai ba ta amsa gaisuwar yaro sai ta tare shi: "Kai, yaya sunanka na yanka?" In ya ce Auta ko Ummi, sai ta ja hannunsa zuwa gindin darbejiyarta. Tun da malamin firamare ya yi wata guda yana kiran "Rukayya", jikar maƙwabciyarta na zaune shiru don ita Ummi ta sani, har aka rubuta ba ta zuwa, Kaka ta rantse ba za a kuma ba.

Da furfurarta ta koyi baƙaƙen boko a ajin yaƙi da jahilci. Takarda kuwa ba ta saye. Na ce, "Kaka, kwali da fensir cike suke a kasuwar Bici."

Ta ce, "Laka ta ƙare a garin nan ne?"

Yara su murza laka, su lanƙwasa harafi, su shanya a rana. Ta taɓa gwada jera sunaye da gyaɗa a faifai, kafin ta waiga wani yaro Saminu ya cinye rabin nasa.

"Ɗan nema! In an tambaye ka, ka ce sunanka na cikinka."

Ta koma wake. Akuyar Malam Audu ta shigo ta lashe sunayen aji guda. Kaka ta ɗaure akuyar, ta ce sai mai ita ya kawo tsakuwa kwano guda, wankakkiya. Wallahi ya kawo!

Sai aka zo kan ɗana, Maigida, jikanta. Sunan marigayi mijinta ya ci, bakinta ba ya faɗa. Ni kuma ɗana ne na fari, duk bakin nan nawa ba na iyawa. Ga shiga firamare saura sati uku.

Na ce, "Kaka, ki faɗa sau ɗaya a huta mana!"

"Ke da kika yi sakandare ki faɗa."

Sai ta jawo laka. Kullum da hantsi ta kama yatsansa tana bin haruffa biyar na sunansa: "Wannan mai rassa biyu shi ne farko, ranka ya daɗe." Ya fasa, ta sake kwaɓawa. Ya yi kuka, ta jira ya gama.

Ranar shiga, ta raka mu da sandarta. Malam ya tambayi sunansa, ya ce Maigida. Malam ya duba ya ce babu. Ya kalle ni, ya kalli Kaka, duk muka sunkuyar da kai. Sai yaron ya yi ɗage, ya leƙa rajista, ya bi da yatsa, ya danna wuri guda.

"Ga nawa!"

Malam ya karanta sunan da ƙarfi. Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ƙura ce ta shigar mata ido. Ƙarya take, an yi ruwa da asuba.

Damina ba ta ƙare da ita ba. Allah ya jiƙanki, Kaka, ya haɗa ki da mai sunan a Aljanna.