Gonar Kufena da Agogon da Bai Fito Ba

Shekarun baya, wata Asabar bayan la'asar, muna zaune mu uku a zauren baffana a Ƙofar Gayan: ni, da shi, da mahaifiyata. Maganar gona ce ta tara mu, wadda na gada daga mahaifina a gindin dutsen Kufena. Na ƙudura sayar da ita.

Lokacin ina fassara labaran kasuwanci a gidan rediyo. Mako uku a jere ina karanta rahoton wani babban kamfanin waya na ƙasar waje, wanda zai fito da sabon agogo mai auna bugun zuciya. Masu zuba jari sun ce cinikinsa zai bunƙasa, hannun jarinsa zai tashi. Na yi ta karantawa har na soma jin kamar da ni aka yi taron. Shirina in zuba kuɗin gonar gaba ɗaya a hannun jarin kamfanin.

Mahaifiyata ba ta yi mini gardama ba, duk da masarar gidanmu daga can take zuwa. Cewa ta yi a je a faɗa wa Baffa.

Baffa ɗan kasuwar atamfa ne. Na yi masa bayani da muryar da nake karanta labarai, har da hasashen masana. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaya ko sana'ar kamfanin halal ce. Na ce waya da agogo suke ƙerawa. Ya gyaɗa kai.

"To wa ya ɗaura agogon nan ya ba ka labari?"

Na ce ai bai fito ba tukuna.

Ya juya wajen mahaifiyata. "Hajiya, ɗanki zai sayar da ƙasa ya sayi sanarwa."

Daga nan ya faɗa mini yadda yake yi. In sabuwar atamfa ta shigo, kome yabon da dillalai suka yi mata, turmi ɗaya yake ɗauka. Ya yanki ƙyalle ya kai cikin gida a wanke sau uku, a shanya a rana. In ba ta zuba ba, sai ya sari dila. Ya ce yakan rasa cinikin farko, ya sani, kuma ya yarda da wannan asarar.

"Ka bari a wanke agogon," in ji shi.

Na bari, amma ba da daɗin rai ba.

Agogon ya fito, ya karɓu, hannun jarin ya tashi kamar yadda aka yi hasashe. Na koma zauren da waya a hannu don ya ga abin da ya sa na rasa. Ya sa tabarau ya duba da kyau.

"Madalla, bai zuba ba. Yanzu sayi turmi ɗaya."

Har yau nakan tuna cewa masanan sun yi daidai. Sai dai ni ban san za su yi daidai ba. A rediyo nakan ce "ana sa ran", amma a raina na riga na mai da shi tabbas, kuma abincin mahaifiyata zan jingina a kai.

Na sayi hannun jarin ɗan kaɗan daga albashina. Gonar tana nan, bana ma masara aka shuka.